Igiya Na Ce, Ba Giwa Ba

Waƙar tawa ce. Duk wanda zai bi ni da "ki yi haƙuri" ya fara amsa wannan tukuna. Ban koye ta a wurin kowa ba, ban ji ta a rediyo ba. A bakin famfo na yi ta, hannuna cikin ruwan sabulu, Auta goye a bayana, shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce ban gaishe shi ba, amma abin da ya fito daga bakina na san shi.

Wanki da guga na yi wa mutane tun daga ranar da uban yaran nan ya rasu, da wannan aikin na raini 'ya'ya biyar. Auta ne na ƙarshe, shi kaɗai ya rage a gabana, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. A shagon magani yake aiki, yana da hankali, ba ya shan komai, ba ya yawo. Ciwonsa uku ne: kiɗa, zane, da cin kayan titi. Zanen tun yana ƙarami yake yi. Ya taɓa zana wani abu mai kunnuwa kamar murfin tukunya a aljihun farar rigar wani mai ba ni wanki, da biro, ranar kuwa ya sha duka har sai da maƙwabta suka shigo. Na zaci na fitar masa da abin daga jiki. Ashe kwanciya ya yi.

Da ya fara ɗaukar albashi sai ya sayo kwamfuta, da wani allo da ake zane a kansa da alƙalami marar tawada, da wasu manyan abubuwa da yake toshe kunnuwansa da su. In ya sa su, ko gidan ne ya kama da wuta sai dai ka taɓa shi. Ya zauna yana kaɗa kai kamar ƙadangare, yana murmushi shi kaɗai. Na tambaye shi me yake yi haka kullum, ya ce, "Inna, katun nake yi."

Na ce, "Katan? Duk karatun da ka yi, kwali za ka koma haɗawa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ban ga abin dariya ba, don da idona na ga yana shigo da kwalayen ƙwai yana manna su a bangon ɗakinsa, wai don kada murya ta riƙa dawowa. Wata uku ina gaya wa mutane ɗana ya shiga sana'ar kwali kafin babbar 'yata, wadda suke kira Yaya, ta fahimtar da ni cewa zane ne mai motsi, irin wanda yara ke kallo a talabijin.

Kwalayen ƙwan nan daga wurin Mai Taliya yake samo su. Wata mata ce mai rumfa a kan kwanar layinmu, ƙatuwa, mai dariya kamar ana juye tsakuwa daga mota. Taliya da ƙwai take soyawa, da dankali, da burodi da take tsagawa ta cusa masa abubuwa. Nan Auta yake cin abincin rana, nan yake ci in ya taso aiki. Ni in dafa shinkafa, in yi miya tun safe, in rufe masa a kwano, ya shigo yana warin albasa da man suya ya ce, "Inna, na ƙoshi, na ci a wurin Mama."

Mama. Matar da ba ta taɓa wanke masa kashi ba. Na haɗiye wannan, na yi shekara biyu ina haɗiyewa, ina juye shinkafata ga kajin maƙwabta.

Ranar wata Asabar da hantsi Yaya ta zo gaishe ni. Ta zauna a bakin gado, ta ciro wayarta mai fasasshen gilashi ta ce, "Inna, kin ga abin da ɗanki ya yi kuwa? Duk wurin aikinmu shi ake kallo."

Ta danna. Na ga wata 'yar mata ta zane, ƙarama kamar ɗan yatsa, durƙushe gaban baho, da yaro a bayanta. Kumfa na tashi tana fashewa. Sai kiɗa ya fara a hankali, sai murya:

Kumfa, kumfa, hau hannuna,
Ki sauko da dauɗar masu gida.

Shekara nawa rabon da in ji wannan? Amma muryar ba tawa ba ce. Murya ce mai kauri, mai maiƙo, wadda nake ji kullum daga kan kwana tana cewa "ƙwai ɗaya ko biyu?" Kafin in gama shan wannan sai ta ci gaba:

Giwa ta ɗauka, rana ta sha,
Ni da ɗana mu ci mu kwana.

Sai ga wata giwa ta shigo cikin hoton, shuɗiya, tana rangaji, ta sa hanci ta kwashe wankin ta ɗora a bayanta ta tafi da shi wajen rana.

Na ce, "Tsayar da shi. Me ta ce?"

"Giwa ta ɗauka."

"Giwar uban wa? Igiya! Igiya ta ɗauka, rana ta sha! Igiyar shanya! Ni da ban taɓa ganin giwa ba ko a mafarki, me zai kawo ta cikin wankina?"

Yaya ta fara dariya, na ce in ta ƙara sai na kife ta da mari, da girmanta da 'ya'yanta. Na sa ta karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa. Ta yi ta kwana-kwana, na ce karanta. Auta ya rubuta: zane da kiɗa nasa ne, murya kuma ta Mama Mai Taliya. A ƙarƙashi kuma mutane sun yi ta zuba magana. Wannan ya ce muryar Mama ta sa shi kuka. Wancan ya ce Allah ya saka wa uwar da ta haifi wannan yaro, ta kuma yi masa waƙa. Wata ta ce a gaishe da Mama, a ce mata hannunta ya huta.

Hannunta. Na duba nawa hannun, yatsun da sabulu ya cinye, da tabon dutsen guga a wuyan hannu wanda ya kai shekara ashirin bai ɓace ba. Mutum dubu nawa ne, in ji Yaya, suna sa wa wata albarka a kan wankin da ni na yi.

Na ce, "Ke ce babba. Ki kira shi ki ce ya cire, ko ya gyara."

Ta ce, "Inna, abin wasa ne fa, na nishaɗi. Ko sisi ba ya samu a kai."

"Na ce miki sisi nake nema? An ɗauki abina an ba wata, ta kuma lalata shi, ke kina ce mini wasa."

"To ki bari ya dawo ku yi magana a hankali."

A hankali. Na ɗauki mayafina.

Rumfar tana cike, lokacin cin abincin rana ya kusa. Masu gyaran babur biyu a kan benci, wani mai ɗinki da na sani, da wasu 'yan mata. Ita tana tsaye gaban kasko, tana fasa ƙwai da hannu ɗaya, rediyonta na rataye a ƙusa yana ta surutu. Ta gan ni ta washe baki.

"A'a, Innar Auta! Yau da kanki? A ba ta wuri ta zauna. Ƙwai ɗaya ko biyu?"

Na ce, "Ban zo cin ƙwai ba, baiwar Allah. Kayana na zo karɓa."

"Wane kaya?"

"Waƙata. Kin ciyar da ɗana man suya shekara biyu ban ce komai ba. Ya kira ki Mama ban ce komai ba. Yanzu kin shiga har cikin bahon wankina. Kuma da za ki sata, ai sai ki sata daidai. Wa ya ce miki giwa? Ke da ganin abu babba sai ki ce danginki ne?"

Masu gyaran babur suka ƙyalƙyale. Ɗaya ya ce, "Kai, Inna ta zo da zafinta." Na ce ya rufe mini baki ya ci abin da ya saya.

Na zaci za ta tashi mini, na ma shirya. Sai ta rage wutar, ta goge hannu a gefen zaninta, ta dube ni.

"Innar Auta, ni ban san waƙarki ba. Yaron nan ne ya zo ya zauna a nan, wurin da mai ɗinkin nan yake, ya rera mini ita sau ya fi ashirin har na riƙe. Yadda ya ba ni haka na mayar masa. In giwa ce, giwarsa ce."

"Ƙarya kike yi. A bayana ya ji ta."

"To ga shi nan tafe, tambaye shi. Amma kafin ya iso, ni ma in tambaye ki. Sau nawa ya roƙe ki ki yi masa ita?"

Na gyara mayafina.

Ta ce, "Sau uku, shi ya gaya mini. Na farko kin ce ke ba mawaƙiya ba ce. Na biyu kin ce ya tashi ya ba ki wuri kina tsintar shinkafa. Na uku da ya kawo abin ɗaukar murya kin ce in bai fitar da shi ba za ki jefa shi a baho. Ni da ya tambaye ni, na ce to. Laifina ke nan, na ce to."

Gaskiya ne, an yi haka. Amma wa ya gaya masa in uwa ta ce a'a sau uku sai a tafi wurin mai taliya? Sai ya tambaya na huɗu.

Auta ya iso da farar rigarsa ta shago, abin kunnen nan rataye a wuya. Da ya gan ni a rumfar sai ya tsaya cak kamar wanda ya taka ƙusa.

"Inna, lafiya?"

"Ita ta kawo ni. Rera mini layi na uku."

Ya dubi mutane, ya dube ni. "A nan?"

"Ai duniya ka rera wa. Nan ne za ka ji kunya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Giwa ta ɗauka, rana ta sha."

"Igiya."

"Na'am?"

"Igiya ta ɗauka. Igiyar shanya, wadda ka sha rataya a kanta har ka tsinka mini ita sau biyu."

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya zauna a kan bencin ba tare da ya duba ko akwai wuri ba, har ya kusa zama a kan taliyar mutum.

"Inna, da gaske? Igiya?"

"Da wasa nake maka?"

Ya ce, "Ni tun ina yaro giwa nake ji. Kina fara waƙar sai in yi barci, kayan suna cikin baho. In na farka sai in ga babu su, an kai wa masu su. Na zaci ita ce take zuwa ta kwashe. Na sha yin ƙoƙari kada in yi barci don in gan ta." Ya ɗan yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ita na zana a rigar mutumin nan, ranar da kika dake ni."

Sai na tuna rigar. Abin nan mai kunnuwa kamar murfin tukunya. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa tambayarsa mene ne ba.

Ban zo don in ji tausayin kowa ba, don haka na ce, "Tashi mu je gida. Ke kuma ki riƙe taliyarki, yau shinkafa zai ci."

Rabon da in shiga ɗakinsa in zauna na manta. Kwalayen ƙwai har rufi, wayoyi a ƙasa kamar an zubar da taliyar, takardu manne ko'ina, kowace da giwa: tana tafiya, tana zaune, tana ɗaga ƙafa ɗaya. Ya ce wata bakwai ya yi yana zana ta, don kafin ta yi taku ɗaya sai ya zana ta sau goma sha biyu. Ya kunna mini abin a babban gilashin kwamfutarsa. A nan ne na ga matar sosai, ba kamar a fasasshiyar wayar Yaya ba. Siririya ce, ɗaurin ɗankwalinta ya karkata hagu. Da ta ɗaga hannu daga cikin kumfa, ga tabon dutsen guga a wuyan hannunta.

Na ce, "Jikina ne, da bakin wata."

"Inna, na roƙe ki..."

"Na ji, an karanta mini a gaban jama'a. Yanzu ga abin da nake so. Ka cire muryarta ka sa tawa. Ka rubuta a ƙasa waƙar ta uwarka ce, wadda ta haife ka, kada wani ya sake yin kuskure. Kuma a sa daidai."

Ya dubi takardun da ke bango. Sannan ya ce, "To. In igiya ce, giwar ba ta da wurin zama. Zan cire ta. Igiya ba ta da wuyar zanawa, layi ɗaya ne." Ya miƙa hannu ya fara ɓamɓare takarda ɗaya daga bango.

Ya buɗe doguwar durowar kayansa, ya tura rigunan gefe, ya ce in shiga ciki, wai a nan murya ta fi fita. Na ce ni da girmana zai sa a durowa kamar tsohon bargo? Ya ce Mama ma a nan ta yi. Na ce ita ta shiga nan? Yaya aka yi ta fito? Na shiga. Ya sa mini abin kunnen, ya kafa mini abin ɗaukar murya a gaban baki, ya ja ƙofar. Duhu, zafi, da warin rigunansa, waɗanda har yau ni ke wanke su.

Kiɗan ya shigo mini cikin kai, tsakiyar kai, kamar a cikina ake yin sa. Ashe abin da yake ji ke nan yake kaɗa kai. Na buɗe baki, muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Na tsaya, na yi tari, na ce ya sake. Sau huɗu muna sakewa. A na biyar na rufe ido, na sa hannuwana suna cuɗa rigar da ke rataye kusa da ni, sai ta zo da kanta.

Na wuce layi na ɗaya, na wuce na biyu. Na buɗe ido, ta tsagar ƙofar ina hango shi zaune, takardar da ya ɓamɓare tana kan cinyarsa, yana shafa ta da babban yatsa. Na iso na uku.

Na ce giwa.

Ya ɗago kai da sauri. Ban tsaya ba, don waƙar ba ta ƙare a inda ya sani ba. Akwai sauran layi biyu da bai taɓa ji ba, saboda kullum kafin in kai nan ya yi barci, kuma abin da bai ji ba ba shi da yadda zai kai wa wata:

Na wanke na kowa na mayar masa,
Kai kaɗai ne nawa, ba na mayarwa.

Kiɗan ya ƙare kafin in gama, na ƙarasa ba kiɗa. Na turo ƙofar na fito ina gumi. Yana zaune bai motsa ba, idonsa ya yi ja.

Na ce, "Kada ka yi mini kuka a nan, ba shi na zo nema ba. Mayar da takardar nan inda ka cire ta. In za a yi ƙarya a waƙata, daga bakina za ta fito, ba daga bakin wata ba."

"Inna, sai na ƙara zane. Layi biyun nan ba su da hoto."

"Ka ƙara. Wata bakwai ka ba giwa, ni ka ba ni ko uku ne."

Ya goge fuska da hannun riga. Can ya ce, "To Mama fa? Ta yi mini kirki, ba na so ta ji na yar da ita."

Na yi tunani. Ba ni da niyyar zaluntar kowa, haƙƙina kawai na zo karɓa.

Na ce, "Giwar nan ba ta kuka ne? In ta kwashi kayan, ba ta yin wata ƙara?"

"Ban sa mata ba."

"To ka sa. Ka ba Mai Taliya ta yi wannan."

Da ya je ya gaya mata, daga tsakar gidana na jiyo dariyarta. Washegari ta zo da kanta, ta cusa rabin jikinta cikin durowar, ta yi kukan giwa sau uku har kwalin ƙwai ɗaya ya faɗo daga bango. Da za ta tafi ta ajiye mini taliya da ƙwai biyu a leda, ta ce, "Innar Auta, a ɗanɗana, ba guba."

Na ci bayan ta fita. Gishiri ya yi yawa, kuma na aika an gaya mata.

Sabon katun ɗin ya fita bayan wata huɗu. Na sa Yaya ta karanta mini abin da ke ƙasa sau biyu, da yatsanta a kan kowace kalma, don kada a rufe ni. Waƙa da murya, Innata, wadda ta haife ni. Kukan giwa, Mai Taliya. Na ce ta sake duba ko akwai "Mama" a wani wuri. Ta ce babu.

Har yanzu a can yake cin abincin rana. Wannan shari'ar daban ce, ban kuma janye ta ba.